Filin jirgin tsibirin Howland: an share shi, an jira, jirgi bai taɓa sauka ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce akwai wani ɗan tsibiri a tsakiyar tekun Pasifik mai suna Howland, babu kowa a kansa, amma yana da tsohon filin jirgin sama da aka daina amfani da shi. Me ya kai mutane gina filin jirgi a inda babu gari? Me ya sa aka watsar da shi? Kuma in yau jirgin fasinja ya samu matsala a sararin wannan teku, zai iya sauka can?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, har ma da ƙari. Filin yana da suna, Kamakaiwi. An share shi a farkon shekarar 1937, kuma babu wani jirgi mai tayoyi da aka san ya taɓa sauka a kansa. Saboda jirgi ɗaya aka yi gaggawar kammala shi, jirgin kuwa bai iso ba. Ga duk mai koyon lissafin hanyar jirgin sama, labarin wannan fili darasi ne babba, domin ya nuna cewa share ƙasa a daidaita ta shi ne ɓangare mafi sauƙi na aikin. Mai wuyar shi ne a iya kawo jirgi kanta.

Howland yana can arewa kaɗan da layin Ikweta, kimanin kilomita 3,100 kudu maso yamma da Honolulu, kusan rabin hanya tsakanin Hawai da Ostireliya. Tsawonsa kilomita biyu da 'yan kai, faɗinsa bai cika kilomita ɗaya ba, kuma 'yan mitoci ƙalilan ya ɗara ruwan teku. Dutsen murjani ne da yashi. Babu rijiya, babu rafi, ruwan sama ma sai jefi-jefi. Babu inuwar kirki, sai ciyawa da ƙananan tsirrai masu yaɗo. Babu kuma wurin da jirgin ruwa zai jingina, sai dai ya tsaya a waje a tura kwale-kwale ya ratsa igiyar ruwa. Masu gidan na asali tsuntsayen teku ne, dubbai, kuma su suka fara jawo wa tsibirin baƙi. Kashinsu da ya taru shekara da shekaru taki ne mai tsada a ƙarni na 19, har Amurka ta yi doka a 1856 wadda ta ba 'yan ƙasarta damar kama duk tsibirin da ba shi da mai shi in dai akwai wannan taki. Kamfanonin Amurka suka kwasa, na Birtaniya suka biyo baya, zuwa wajen 1891 taki ya ƙare kowa ya kama gabansa.

Jirgin sama ne ya sake tuno da shi. A shekarun 1930 babu jirgin fasinja da zai iya tsallake Pasifik a tashi ɗaya, dole sai da zango. Duk wani ɗigon ƙasa da ke tsakiyar ruwan sai ya zama kadara, Amurka da Birtaniya da Japan kowa na zuba masa ido. Mallakar tsibiri kuwa ba ta tabbata da takarda kaɗai, sai an ga mutanenka zaune a kai. Saboda haka a watan Maris na 1935 gwamnatin Amurka ta fara sauke samari a Howland da maƙwabtansa Baker da Jarvis, a asirce da farko. Yawancinsu 'yan asalin Hawai ne, ɗalibai da tsofaffin ɗaliban makarantar Kamehameha, waɗanda daga baya aka san su da sunan Hui Panala'au. Mutum huɗu ake ajiyewa a tsibiri, su yi kamar wata uku kafin jirgin ruwa ya dawo da masu canjinsu, wasu kuma su zarce. Ruwan sha a duro ake kawo musu, abinci na gwangwani, sauran su kamo a teku. Aikinsu rubuta yanayin iska da gajimare, kula da sansani, da kuma zaman kansa, wanda shi ne ainihin abin da gwamnati ke buƙata. Sama da samari ɗari ne suka yi wannan zama tsakanin 1935 da 1942. Sunan ɗayansu, James Kamakaiwi, aka sa wa filin, kuma a ganina wannan suna ya dace, domin su ne suka san zafin ranar wurin.

Sai ga Amelia Earhart, matuƙiyar jirgin sama 'yar Amurka. Ita ce mace ta farko da ta tsallake tekun Atilantika ita kaɗai a jirgi, a 1932, kuma a 1937 ta ɗaura niyyar zagaya duniya ta kusa da layin Ikweta, wato ta hanya mafi tsawo. Jirginta, Lockheed Electra mai inji biyu, mai tayoyi ne, ba ya sauka a ruwa. Tsakanin Hawai da Niyu Gini dole ta samu busasshiyar ƙasa ta sha mai, kuma Howland ne ya faɗo a daidai wurin. Gwamnatin shugaban Amurka Roosevelt ta fitar da kuɗi, aka sauke taraktoci da kayan aiki ta cikin igiyar ruwa, aka baje murjani aka daddale shi, aka fitar da titi uku marasa kwalta.

Tun daga nan filin yana da naƙasu. Jirgi yana son ya tashi kuma ya sauka yana fuskantar iska, domin iskar da ke bugo shi ta gaba tana rage masa gudun da yake buƙata a ƙasa. A Howland iska daga gabas take kaɗawa kusan kullum, tsibirin kuwa miƙe yake daga kudu zuwa arewa. Titin da ya fi tsawo ke nan iska ta gefe take dukansa, wanda ya fuskanci iska kuma shi ne gajere, tunda faɗin tsibirin ne iyakarsa. Ga tsuntsaye da suka mai da sabon filin wurin zama, sai an yi ta korarsu. Da ma jirgin ya iso, sauka da tashi da cikakken tanki ba za su zo da sauƙi ba.

Yunƙurinta na farko ta yamma ta nufa. Ranar 20 ga Maris 1937, tana ƙoƙarin tashi daga Honolulu zuwa Howland, jirgin ya kauce a kan titi ya lalace, sai da aka mai da shi Kalifoniya gyara. Da ta sake shiri, yanayin damina a hanyar ya canja, sai ta juya ta nufi gabas. Wannan juyi ya sa za ta zo wa Howland daga Niyu Gini, ta hanya mafi nisa, kuma a ƙarshen tafiya bayan gajiyar fiye da wata guda. Wani abin da ya canja shi ne abokan tafiya. Harry Manning, wanda ya iya aikin rediyo da saƙon tangaraho, ya janye. Ya rage ita da Fred Noonan, gwanin lissafin hanya da taurari wanda ya yi wa kamfanin Pan American aikin buɗe hanyoyin Pasifik. Daga ita har shi babu wanda ya ƙware a saƙon tangaraho na Mos.

Ta bar Miami ranar 1 ga Yuni, ta bi Kudancin Amurka, ta tsallako zuwa Afirka. Hanyarta ta ratsa sararin da muka sani: Dakar, Gao, Fort-Lamy wadda ita ce Injamena ta yau, El Fasher, Khartum, kusan sawun tsohuwar hanyar alhazan ƙafa. A tsallakowar Atilantika wani abu ya faru da ya kamata a lura da shi. Dakar suka nufa, amma a Saint-Louis suka sauka, kimanin kilomita 180 arewa da inda suka yi niyya. Babu abin da ya same su, domin nahiya ba ta ɓuya: ko ka kauce, gaɓar teku tana gabanka, sai ka bi ta har ka samu gari. Tsibiri ba ya ba da wannan rangwame.

Sun tashi daga Lae, a Niyu Gini, da ƙarfe 10 na safe ranar 2 ga Yuli, da galan 1,100 na mai, wato lita dubu huɗu da ɗoriya. Nisan zuwa Howland kilomita 4,113 ne. Kwatanta shi da abin da ka sani: ya zarce nisan Kano zuwa Jidda da ɗaruruwan kilomita, kusan duka a kan ruwa, rabi cikin dare, abin da ake nema a ƙarshe kuwa bai kai tsawon babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ba. A irin wannan nisa, kaucewar digiri ɗaya tak a kamfas tana jefa jirgi kusan kilomita 70 gefe.

Mai lissafin hanya na wancan zamani hanya uku yake da ita. Ta farko lissafin zuci da agogo: ga saurin jirgi, ga inda hanci ya dosa, ga awannin da aka yi, ga ƙiyasin iska, saboda haka muna nan. Kuskuren wannan lissafi ƙaruwa yake da kowace awa, kuma ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a ɗauka zai iya kai kashi ɗaya cikin goma na nisan da aka yi tun wurin ƙarshe da aka tabbatar. Ta biyu auna tsayin taurari ko rana da na'urar hannu, wadda a jirgi mai girgiza takan kawo mutum kusa da gaskiya da 'yan kilomitoci goma-goma, in gajimare ya bari. Waɗannan biyun aikinsu su kawo ka unguwa. Mai kai ka ƙofar gida ita ce ta uku, rediyo, ko dai jirgin ya gano ta inda sautin tasha ke zuwa ya bi shi, ko tashar ta gano ta inda muryar jirgin ke zuwa ta faɗa masa ya karkata dama ko hagu. Pan American da wannan ta dogara a tsibiran Midway da Wake, da manyan tashoshin gano jirgi da ma'aikata masu horo iri ɗaya da na cikin jirgin. A Howland an tanadi jirgin ruwan rundunar tsaron gaɓar teku mai suna Itasca ya yi wannan aiki, amma ba a zauna an daidaita tsari ɗaya tsakaninsa da matuƙiyar ba. Saƙonni ne ta waya, ta hannu da yawa, kowa ya fahimci nasa.

Na'urar gano jirgi ta Itasca a ƙananan zangunan rediyo take aiki, wajen kilohaz 500, wanda shi ne zangon jiragen ruwa. Doguwar eriyar da ake saki ta bayan jirgin sama don aika saƙo da ƙarfi a wannan zango, an cire ta daga Electra kafin tafiyar. Earhart da murya take magana a kilohaz 3105 da dare, 6210 da rana, inda na'urar Itasca ba ta iya gano komai. An ajiye wata na'ura ta gwaji a kan tsibirin wadda za ta iya, amma da batir take aiki, aka kunna ta tun cikin dare, kafin lokacin da aka fi buƙatarta batirin ya yi sanyi. Maganganunta kuma gajeru ne, 'yan daƙiƙoƙi, ba sa isa a juya eriya a kama wuri. Agogo ma bai zo ɗaya ba: ita da lokacin Girinwic take aiki, Itasca da lokacin yankinsa mai bambancin rabin awa a ciki, abin da ya ƙara rikita wa ke magana wa ke saurare a wane minti. Taswirar da ake amfani da ita a lokacin ta ajiye Howland kimanin kilomita 9 daga inda yake a zahiri. Kowanne cikin waɗannan shi kaɗai ba zai kashe mutum ba. Haɗuwarsu a safiya ɗaya ita ce musibar.

Rajistar rediyon Itasca tana nan, kuma karanta ta yana da nauyi a zuciya. Da misalin 6:14 na safe ta ce tana kimanin mil 200 daga tsibirin, ta roƙi a gano ta, ta ce za ta yi fito a makirufo. Bayan rabin awa ta ce saura mil 100. Da 7:42 muryarta ta fito da ƙarfi sosai, ta ce lallai suna kansu amma ba sa ganinsu, mai yana ƙarewa, sun kasa samunsu a rediyo, suna tafiya a tsayin ƙafa 1,000. Ma'aikatan Itasca suna jin ta rangaɗau, ita ba ta jin su. Wajen ƙarfe 8 ta nemi a aiko mata sauti a kilohaz 7500. A wannan zango Itasca ba ya iya aika murya, sai aka yi ta ƙwanƙwasa mata harafin A da tangarahon Mos. Ta amsa cewa ta ji, kuma wannan ne karo ɗaya da ta tabbatar ta ji su, amma ta kasa gane ta inda sautin ke zuwa, domin zangon ya yi wa eriyarta ta gano hanya, mai siffar zobe, sama da yawa. Itasca ya turnuƙe sama da baƙin hayaƙi ko za ta hango. Da 8:43, bayan awa 20 da 'yan mintoci a sama, ta ce suna kan layin 157 da 337, suna kai da kawowa kudu da arewa. Daga nan ba a sake jin wani saƙo da aka tabbatar nata ne ba.

Wannan layi ba lambobin banza ba ne. A wannan rana, a wannan yanki, rana ta fito ne daga digiri 67 na kamfas. Wanda ya auna ta da hantsi zai samu layi da ya gitta wannan a miƙe, wato 157 ta kudu maso gabas, 337 ta arewa maso yamma. Noonan zai iya matsar da layin a taswira har ya ratsa Howland, ya lissafa mintocin da za su kai su kansa. Layin yana gaya maka ka iso daidai tsibirin ta fuskar gabas da yamma. Ba ya gaya maka ko tsibirin yana hagunka ko damanka, ko da nisan nawa. Shi ya sa suke kai da kawowa. Ganin ido kuwa ba abin dogaro ba ne a nan: rana tana fuskarsu, ƙananan gajimare na jefa inuwa a kan ruwa, kowace inuwa kamar tsibiri, Howland kuma ba shi da tudu ko dogon itace da zai bambanta shi.

Mutane suna son su ɗora laifin a kan mutum ɗaya, wasu ita, wasu Noonan, wasu kyaftin ɗin Itasca. Ni ban ga adalci a haka ba. Ƙarfin muryarta a rediyo ya nuna lissafin Noonan ya kawo su kusa, wato ya yi abin da kayan aikinsa za su iya. Abin da ya faɗi shi ne matakin ƙarshe, wanda tun kafin a tashi ya kamata a gwada shi a tabbatar ɓangarorin biyu suna jin juna. An yi gwajin na'urar gano hanya a Lae bai yi ba, aka ɗauka kusancin tashar ne ya jawo, aka tashi a haka.

Amurka ta tura manyan jiragen yaƙi, har da Colorado da Lexington mai ɗaukar jiragen sama, aka yi fiye da mako biyu ana nema, aka kashe kimanin dala miliyan 4, ba a ga ko ɓallin jirgin ba. Kotu ta ayyana rasuwarta a Janairun 1939. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa mai ya ƙare jirgin ya nitse kusa da Howland. Wasu na ganin sun bi layin kudu har tsibirin Nikumaroro, kimanin kilomita 650 daga can. A farkon 2024 wani kamfanin binciken ƙarƙashin teku ya fitar da hoton abin da ya yi kama da jirgi, kafin shekarar ta ƙare ya tabbatar dutse ne.

Filin dai ya ci gaba da zama, samarin na share shi. Sun gina wata 'yar hasumiya ta alama da sunan Earhart. Amma harkar jirage ta riga ta kauce masa. Manyan jiragen fasinja na Pasifik a lokacin masu sauka a ruwa ne, suna buƙatar kwantaccen tafki a cikin tsibiri, Howland kuwa ba shi da shi. Tsibirin Kanton da ke kudu yana da shi, can Pan American ta kafa zangonta na hanyar Niyu Zilan.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ƙarasa shi. Ranar 8 ga Disamba 1941, kwana ɗaya bayan harin Pearl Harbor, jiragen Japan suka yi wa Howland ruwan bama-bamai, suka farfasa titunan. Samari huɗu ne a tsibirin, ba su da makami. Biyu suka mutu, Joseph Keliihananui da Richard Whaley. Bayan kwana biyu jirgin ƙarƙashin teku ya harbe abin da ya saura na sansanin. Sauran biyun suka binne 'yan'uwansu, suka yi ta ɓuya da rana, sai ranar 31 ga Janairu 1942 jirgin ruwan sojan Amurka ya kwashe su. Duk wanda ya san sunan Earhart ya kamata ya san waɗannan sunaye biyu, domin filin da aka yi mata ne ya sa tsibirin ya zama abin hari. Da sojan Amurka suka buƙaci filin jirgi a yankin a 1943, ba su gyara Kamakaiwi ba, a Baker suka shimfiɗa sabo da faifan ƙarfe, shi ma aka bar shi a 1944. Cikin jiragen saman da aka san sun kai ga Howland akwai wani na sojan ruwa mai sauka a teku, wanda injinsa ya kama wuta a Yunin 1944, matuƙin ya sauka a ruwa ya tura shi gaɓa, mutanen ciki suka tsira. A 1967 Ann Pellegreno, a 1997 kuma Linda Finch, sun bi hanyar Earhart da jirgi irin nata. Dukansu sun ga tsibirin, sun wuce ta kansa, babu wadda ta sauka.

Tambayarka ta ƙarshe, amsarta a'a ce. Titunan ba su taɓa samun kwalta ba, bama-bamai sun rarake su, ciyawa da sheƙar tsuntsaye sun rufe sauran. Ko da suna nan lafiya, jirgin fasinja na yau mai nauyin tan ɗari biyu ko fiye yana buƙatar daɓe mai kauri da tsawon da ya zarce tsibirin kansa, ga fitilu, ga motocin kashe gobara, ga mai, ga wurin da za a ajiye mutum ɗari uku a ba su ruwa. Garken tsuntsayen kaɗai ya isa ya kashe injin jet. Tun 1974 tsibirin wurin kare namun daji ne na gwamnatin Amurka, a 2009 aka sa shi cikin babban yankin teku da aka killace, kuma ba a taka shi sai da izini na musamman, galibi ga masu bincike da ke zuwa ta jirgin ruwa.

Jiragen da ke ratsa wannan sarari a yau tun kafin su tashi ake rubuta musu filayen da za su karkata in wani abu ya faru. Ƙa'idar jirage masu inji biyu ita ce kada hanyarsu ta yi nisa da filin da ya cancanta fiye da mintocin da aka amince wa wannan jirgi ya yi da inji ɗaya, sau da yawa minti 180. A tsakiyar Pasifik irin waɗannan filaye su ne Kiritimati, Majuro, Pago Pago da Nadi, gwargwadon hanyar da aka bi, kuma kowanne sai an duba yanayinsa da shirinsa na wannan rana kafin a sa shi a takardar tafiya. Howland ba ya cikinsu.